Kafin Iyali Su Hau Ruwa: Mutum Nawa, Wane Jirgi, Wane Inji?

Jama'a masu sauraronmu na cikin birnin Daura, da na Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure, har da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka da ke kama mu ta wajen Kwangwalam, sharhinmu na yau a kan ruwa yake. Za mu tattauna yadda magidanci zai zaɓi ƙaramin jirgin ruwa mai inji domin fita shaƙatawa da iyalinsa, ko saye zai yi, ko haya, ko kuwa kuɗin fito kawai zai biya a bakin gaɓa.

Wani zai ce ina ruwan Daura da jirgin ruwa, tunda ba mu da babban kogi, kuma abin da duniya ta san mu da shi ta fannin ruwa shi ne rijiyar Kusugu. Gaskiya ne. Amma madatsun ruwa sun sauya fuskar wannan yanki. Ga Sabke da Daberam a kusa da mu. Ga Zobe a Dutsin-ma, wadda aka kammala a 1983, ga Jibiya, ga Ajiwa. Idan aka leƙa Kano akwai Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da Bagauda da Challawa. A ranakun Sallah da hutun makaranta matasa da iyalai suna zuwa bakin waɗannan ruwaye, su sha iska, su ɗauki hoto, in an samu mai kwale-kwale a zaga da su. Wannan abin so ne, domin iyalin da ke fita tare zumuncinsu ƙaruwa yake. Sai dai yaron Argungu ko na Yawuri da ruwa ya tashi, namu kuwa mafi yawansu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsu ba. Saboda haka kuskuren da mutanen bakin kogi za su yi su tsira, mu idan muka yi shi sai a yi zaman makoki.

Kuma mun riga mun ɗanɗana. A watan Mayun 2022, cikin kwanakin ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, aka rasa aƙalla mutum 15, mafi yawansu yara. Watanni kaɗan kafin nan, ranar 30 ga Nuwamban 2021, wani jirgin ya nutse a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su wajen Mauludi, aka tsamo gawar aƙalla mutum 29. A watan Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri. Ku lura da abin da ya haɗa ukun nan: Sallah, Mauludi, biki. Duk ranakun farin ciki ne, ranakun da jama'a ke da yawa, kowa na sauri, kuma ba wanda yake son a ce shi ne ya hana wani shiga.

Don haka abin da nake so mu riƙe a yau guda ɗaya ne. Mai neman jirgin iyali yakan fara da tambayar inji: doki nawa ne, yana gudu kuwa? Wannan ita ce tambayar da ta kamata ta zo a ƙarshe. Tsarin da ya dace shi ne a fara da yawan mutanen da za a ɗauka, sannan irin ruwan da za a shiga, sannan gangar jikin jirgin, daga nan a zo ga inji. Kuma a duk matakan nan, wanda za a auna zaɓin da shi shi ne ƙaramin yaron da zai zauna a ciki.

Mu fara da ƙidaya. Kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. A Amurka, tun farkon shekarun 1970 doka ta wajabta wa masu ƙera ƙananan jiragen inji da tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba su liƙa wani ɗan allo a jikin jirgin, mai nuna yawan mutane da nauyin kaya da iyakar ƙarfin injin da za a ɗaura masa. Idan ka ga jirgin kamfani, abin da za ka fara nema ke nan, galibi yana kusa da mazaunin matuƙi. Idan babu allon, kamar yadda yake ga kwale-kwalen da kafintocinmu ke haɗawa, akwai lissafin da masu harkar ke amfani da shi. A auna tsawon jirgin da faɗinsa da ma'aunin ƙafa, a ninka su, a raba da 15. Jirgi mai tsawon ƙafa 16 da faɗin ƙafa 6 ya ba da 96, in aka raba da 15 ya zama mutum 6. Har da matuƙi a cikin shidan nan. Kuma lissafin na ruwa mai kwanciya ne, ba a sa kular abinci da jarkar mai da tabarma a ciki ba.

Na san abin da ake faɗa a bakin gaɓa. "Ai yara ne, ba su da nauyi." "Matsa ka ba shi wuri, ai nan da can ne." "Saura mutum ɗaya mu tashi." Iyaye, yaro ba shi da nauyin babba, amma yana da motsin da babba ba shi da shi. Kifi ya yi tsalle ta dama, yara takwas sun ruga dama lokaci guda, shi ke nan baki ya sha ruwa. Sannan in abu ya faru, kowane yaro yana bukatar hannun babba da zai riƙe shi. Uwa ɗaya ba za ta riƙe yara huɗu a cikin ruwa ba, komai ƙaunar da take musu. Saboda haka a ƙirga yaro a matsayin mutum cikakke, kuma kada yara su fi manyan da za su kula da su yawa sosai. Alamar da ido zai gani ita ce tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa bayan kowa ya zauna. Idan wanda ke zaune zai iya taɓa ruwa da yatsunsa ba tare da ya sunkuya ba, lodi ya yi yawa, a rage.

Sai irin ruwan. Madatsa ba kamar kogi ba ce, ruwanta ba ya gudu, shi ya sa take yaudarar mutane. Amma a ƙarƙashinta akwai abin da ruwa ya rufe lokacin da aka datse shi: kututturan itatuwa, duwatsu, tsoffin ramuka. Da rani, noman rani da zafin rana suna janye ruwan, abin da ke can ƙasa a watan Satumba sai ya taso dab da fuskar ruwa a watan Afrilu. Ga tarun masunta da igiyoyinsu, ga ciyayi, dukansu suna naɗe farfela. Sannan madatsa fili ce buɗaɗɗe, ba abin da ke tare iska. Wanda ya san yadda iskar farkon damina take tasowa daga gabas ba sallama, ya san cewa ruwan da ke kwance yanzu zai iya zama mai taguwa kafin a kai gaɓa. Jirgin da ya dace da ruwayenmu shi ne wanda ba ya nutsa ƙasa sosai, mai faɗi, mai bango dogo, wanda ba a gina shi domin gudu ba.

A nan ne siffar gindin jirgi take shigowa. Mai shimfiɗaɗɗen gindi yana zama daram a ruwa mai kwanciya, yana shiga wuri marar zurfi, shiga da fitarsa da sauƙi ga tsofaffi da yara. Aibinsa shi ne in taguwa ta taso yakan riƙa dukan ruwa yana watso shi ciki. Mai tsinin gindi kuwa yana yanka taguwa da kyau, shi ya sa ake son sa a teku da manyan koguna, amma yana bukatar zurfi, kuma in an tsaya wuri ɗaya yakan yi lilo. Ga iyalin da zagaye kawai za su yi kusa da gaɓa, mai faɗin gindi ko mai ɗan tsini kaɗan ya fi dacewa.

To da me aka ƙera shi? Na katako shi muka fi sani. Ya fi araha, kafinta na gari zai gyara shi, kuma masuntanmu sun san halinsa. Amma katako yana ruɓewa, ƙusa tana tsatsa, mahaɗar allunan tana buɗewa, musamman idan jirgi ya daɗe a tudu rana ta busar da shi. Abu mafi muhimmanci, siririn kwale-kwalen masunci an yi shi ne domin mutum biyu ko uku da taru da filafili. In aka ɗaura masa inji mai nauyi a baya aka cika shi da mutane, an ɗora masa aikin da ba nasa ba. Ma'aikatar kula da harkokin teku da albarkatun ruwa ta tarayya, wadda aka kafa a 2023, ta sha yin kira da a riƙa maye gurbin jiragen katako na haya da na faiba da na alminiyom. Kafin a kai ga haka, wanda zai shiga na katako ya duba cikinsa. In ya ga ruwa kwance da yaro riƙe da roba yana kwarfewa tun ba a tashi ba, ya riƙe iyalinsa su koma baya.

Na faiba shi ne irin wanda ya cika ruwayen Legas da Fatakwal. Ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, yana da sauƙin wankewa, kuma nauyinsa yana sa ya zauna da kyau. Amma dutse ko kututture na iya tsaga shi, kuma ba kowane gari ake samun mai gyaransa ba. Mai sayen na hannu ya kula da allon baya inda ake ɗaura inji, domin sau da yawa katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba. Ya kama injin ya girgiza. Idan allon yana motsi ko yana da tsagewa, cikinsa ya ruɓe. Ya kuma tambaya ko an cusa soso mai hana nutsewa a ƙarƙashin kujeru ko daɓen jirgin, domin jirgi mai wannan soso ko ya cika da ruwa yakan tsaya a sama, mutane su samu abin kamawa.

Na alminiyom ba shi da nauyi, mutum kaɗan za su ja shi zuwa tudu, ƙaramin inji ya ishe shi, kuma in ya daki dutse lotsawa yake yi maimakon tsagewa. Wannan ya sa ya dace da madatsar da ruwanta ke hawa da sauka. Sai dai a zafin Daura na watan Afrilu ƙarfen yakan ɗauki zafin da zai ƙona ƙafar yaro, don haka yana bukatar shimfiɗa da rumfa. Rashin nauyinsa kuma yana sa iska ta riƙa tura shi, kuma waldarsa ba irin ta baƙin ƙarfe ba ce, sai wanda ya ƙware a kanta.

Akwai na roba da ake hura wa iska. A nan sai an yi hattara sosai, domin iri biyu ne. Akwai na gaske, mai kaurin fata, mai ɗakunan iska daban-daban yadda in ɗaya ya fashe sauran za su riƙe, mai allon ɗaura inji a baya. Akwai kuma na wasan yara da ake sayarwa a kwali, wanda aka yi domin kwamin wanka na otal. Na biyun nan kada ya kusanci madatsa. Na farkon ma yana da abokan gaba a ƙasarmu: ƙayar bagaruwa da ta aduwa a bakin gaɓa, ƙugiyar masunta, da rana mai cin roba, wadda kuma take kumbura iskar ciki idan an hura shi tam da safe.

Na ƙarshe shi ne wanda ake shimfiɗa dandamali a kan manyan bututu biyu rufaffu, a kewaye shi da shinge, a yi masa kujeru da rumfa. A wuraren shaƙatawa na duniya shi iyalai suka fi so a tafkuna, domin ba ya lilo, tsoho zai shiga cikin sauƙi, yaro kuma shinge ya tare shi. Yana da tsada, iska tana kama shi saboda tsayinsa, kuma ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri sai da tirela. Amma ga mai son kafa sana'ar zagayawa da iyalai a ruwa mai kwanciya, a ganina babu kamarsa, muddin ƙwararru ne suka ƙera shi, ba gangunan da aka ɗaure da waya ba.

Yanzu mun iso ga inji. Injin da ake ratayawa a bayan jirgi iri biyu ne. Akwai wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, wato irin injin da ke jikin ƙaramin janareta. Ba shi da nauyi, gyaransa da sauƙi, kuma ya fi araha. Amma yana shan mai, yana da ƙara da hayaƙi, kuma yana zubar da wani kaso na man da bai ƙone ba a cikin ruwa. Yawancinsu ana zuba ma'auni 1 na baƙin mai a ma'auni 50 na fetur, amma a bi abin da littafin injin ya ce. Ɗaya irin kuma baƙin mansa daban yake da feturinsa. Ya fi nauyi da tsada, amma ya fi tattalin mai, ba shi da hayaniya, kuma ya fi tsabta. Tun daga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, tattalin mai ya zama abin da duk mai inji yake lissafawa.

Batun tsabta kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin madatsun nan su ne ruwan shanmu, da na dabbobinmu, da na lambunanmu. A tafkin Taho na Amurka, tun 1999 aka hana amfani da tsofaffin injina masu gaurayen mai saboda wannan dalili. Shi ya sa ƙaramin inji mai aiki da batir ya cancanci a duba shi. Ba ya gudu, ba ya nisa, amma ba ya zubar da ko ɗigon mai, ba ya korar kifi da ƙara, kuma ana iya cajin batirinsa da hasken rana, abin da Allah Ya wadata mu da shi. Kafin ma a sa kowane inji a madatsa, a nemi izinin hukumar da ke kula da ita.

Doki nawa ya isa? Ga jirgi mai tsawon mita 4 zuwa 5 da zai zaga da iyali a madatsa, inji mai ƙarfin doki 15 zuwa 25 ya wadatar, in dai bai wuce abin da maƙerin jirgin ya ƙayyade ba. Injin da ya fi ƙarfin jirgi yana danne bayansa, ya ɗaga gabansa, kuma kwana ɗaya da gudu za ta iya zubar da mutane. Wane kamfani? Yamaha, Suzuki, Tohatsu, Mercury, duk sanannu ne. Wanda ya fi maka shi ne wanda makanike mafi kusa da kai ya sani, kuma ake samun kayan gyaransa a Kano ba sai an aika Legas ba. A tabbata tsawon ƙafar injin ya dace da tsayin allon baya. In an tayar da shi, a duba siririn ruwan da yake tsartuwa ta baya, domin shi ne shaidar cewa famfon sanyaya inji yana aiki. In bai fito ba a kashe nan take. Akwai kuma wata jar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a hannu ko a ƙafa, wadda in ya faɗa ruwa take fizge makunni inji ya mutu. Jirgin da ba shi da matuƙi kuma injinsa na aiki yakan riƙa kewaye, farfelarsa ta sari wanda ke cikin ruwa. A tambayi matuƙi ina igiyar nan take.

Jama'a, duk abin da na lissafa zuwa yanzu bai kai rigar kariya mai hana nutsewa muhimmanci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a faɗin duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Alƙaluman da dakarun tsaron gaɓar teku na Amurka ke fitarwa duk shekara suna nuna cewa daga cikin waɗanda suka nutse a haɗarin jiragen shaƙatawa, fiye da kashi 80 cikin 100 ba su sanye da riga. A nan gida, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sanya rigar, ta kuma hana tafiyar dare. Amma jami'in da ke Lokoja ba zai ga abin da ke faruwa a kowace gaɓa ba. Uba shi ne jami'in iyalinsa.

Kuma rigar tana da ƙa'ida. Ta babba ba ta yi wa yaro, domin da ya faɗa ruwa za ta zame ta kansa. A saya wa kowane yaro daidai nauyinsa, mai ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, mai abin tallafe ƙeya. Gwajinta mai sauƙi ne: bayan an ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ɗaga. In ta haura kunnuwan yaron, ta yi masa yawa. A jiki ake sa ta tun kafin a taka jirgi, domin jirgi yakan kife cikin ƙiftawar ido, ba a samun lokacin lalubo ta a ƙarƙashin kujera. Iyayenmu mata, ana sa ta a kan hijabi ba tare da an taɓa sutura ba, sai dai a tattare bakin hijabin da na zane. Maza kuma a bar babbar riga a gaɓa, domin jiƙaƙƙen tufa yana ɗaure hannu da ƙafa. Sannan ina roƙon iyaye mata da babbar murya: kada a hau ruwa da goyo a baya. In uwa ta faɗa ruwa, fuskar jaririn ce za ta fara nutsewa, kuma kwance majanyi a cikin ruwa ba abu ne mai yiwuwa ba. Jariri ya zauna a tudu wajen kakarsa, shi ya fi.

To saye ko haya? Ra'ayina a fili yake. Ga mafi yawan magidanta a masarautar nan, sayen jirgi ba shi da riba. Bayan kuɗin jirgi da inji akwai tirela, da wurin ajiya, da gyara, da mai gadi, ga shi fitar ba ta wuce ta Sallah da hutu ba, kuma injin da ya daɗe a ajiye da tsohon fetur a ciki kafiretonsa toshewa yake. Abin da ya fi shi ne magidanci ya sayi rigunan kariya na iyalinsa, nasa na kansa, ya tafi da su duk inda za shi. Wanda kuma Allah Ya hore wa, ko ƙungiyar da za ta haɗa kuɗi, su nemi na alminiyom ko na faiba mai faɗi, mai soson hana nutsewa, mai rumfa, da matsakaicin inji marar gaurayen mai, kuma su sa kuɗin riguna da na horar da matuƙi a cikin lissafi tun farko.

In an isa bakin ruwa, a dubi matuƙin kafin a dubi jirgin. Babban mutum ne wanda masuntan wurin suka sani, ko yaro ne aka bar wa saboda kasuwar Sallah? Idonsa da maganarsa sun nuna yana cikin hayyacinsa? Akwai filafili ko da inji zai mutu, da abin kwarfar ruwa, da doguwar igiya? Mai ya isa? Ƙa'idar masu jirgi ita ce a kasa mai uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna a raba nauyi dama da hagu, kada a miƙe tsaye domin ɗaukar hoto. A fita da safe lokacin da iska take kwance, a dawo tun kafin la'asar ta yi sanyi. In hadari ya haɗu a gabas, ko ƙurar hunturu ta rufe ɗaya gaɓar, a haƙura, gobe ma rana ce. A bar wani a tudu da ya san adadin waɗanda suka shiga. Kuma a hana yara wanka a gefen madatsa, saboda ramuka da kuma cutar tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwa.

Idan kuma, Allah Ya kiyaye, jirgi ya kife, a kama jikinsa a zauna tare da shi, domin masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum, kuma gaɓa takan fi yadda ido ke gani nisa. Wanda ke tudu kada ya faɗa ruwa in bai iya iyo ba. Ya miƙa gora, ko ya jefa igiya, ko jarka marar komai da aka toshe bakinta. Sau da yawa gawa biyu ake tsamowa, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi.

Akwai masu cewa in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙo da sababi, kuma 'ya'ya amana ce da za a tambaye mu a kanta. Rigakafi ya fi magani, a ruwa kuwa sau da yawa ba a ma kaiwa ga maganin.

Ina miƙa roƙo ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, da hakimai da dagatai da masu unguwannin da ke da ruwa a ƙasarsu, da a sa ido a kan gaɓoɓin nan musamman ranakun Sallah da Sallar Gani. A yi rajistar kowane jirgin haya, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka da fenti a jikinsa yadda kowa zai gani, a ba shugabannin masunta ikon hana tashi. Ƙananan hukumominmu biyar su sayi riguna, har da na yara, su ajiye a mashigai. Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke nan Daura, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, tana iya shirya gajeren horo da Hausa ga matuƙan ƙananan jirage. Limamai kuma su tuna wa jama'a a huɗubar Juma'ar da ke gaban kowace Sallah. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2021 domin yaƙi da nutsewa a ruwa, tana faɗowa tsakiyar daminarmu, makarantun boko da na Islamiyya su yi amfani da ita.

Kai kuma magidanci mai saurarena, hukuncin ƙarshe a bakin gaɓa naka ne. Ka ƙirga kawuna, ka ɗaura wa kowa rigarsa, ka dubi sama, ka dubi matuƙi. In ɗaya daga cikin waɗannan bai kwanta maka ba, ka ce a'a, ko da yara za su yi kuka, ko da an riga an biya kuɗi. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu a tudu da ruwa.